Rigar Kilo Huɗu

…ta isa da ita! Wallahi a jikinta take! Ke mai wanki, kashe famfon nan! Baba, matso da kujerarka, yau Autarmu ta fita kunya!

To, bari a faro daga farko.

Auta dai shekararta goma sha ɗaya a kan keken ɗinki ɗaya, na bakin taga, a shagon nan na ƙasan bene. Ba ta da surutu. Gefenta teburin yanka ne, na Doguwa. Doguwa ta yanka, Auta ta haɗa. Ita kuwa Doguwa ko fanka ce ta juyo sai atishawa, kullum Auta ce ke miƙa ƙafa ta karkatar mata da ita.

Kwatsam aka ce mijin Doguwa ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, inda ruwa ke daskarewa a famfo, zai tafi da ita. 'Yan shago suka hau shawarar tsaraba, wannan ta ce agogon bango, waccan ta ce turare. Auta kuwa ƙafarta na kan keke, ranta na can. Wannan baiwar Allah da fanka ma ke kayar da ita, yaya za ta yi?

Akwai wani buhu ƙarƙashin kekenta, cike da ragowar ƙyallen da Doguwa ta yi shekaru tana yankewa. Ta zazzage shi. Kullum lokacin hutun rana sai ta jera su, ja kusa da kore, mai fure kusa da mai zane, ta cusa auduga a tsakani, tana haɗa wa Doguwa rigar sanyi. Awon Doguwa kuwa ta san shi da ka.

Matsala ɗaya, Auta ba ta taɓa ganin irin wannan sanyin ba. Sai ta saɓi riga ta nufi ɗakin sanyin mai kifi.

"Kawu, ka rufe ni ciki minti goma."

"Ke Auta, kifi kika koma?"

Ta sa rigar, ya rufe ta. Bango fari fat, numfashinta na tashi kamar hayaƙi. Ta lumshe ido. Sai ta ga wani dogon titi, shi ma fari, shiru, ba ko mota, ga Doguwa tana tafe a hankali, launin rigar na haska hanya. Can sanyi ya cije ta a wuya da tsintsiyar hannu. Ta fito ta ƙara wuya, ta ƙara tsawon hannu. Sau uku tana komawa. A na ukun har gyangyaɗi ta fara, sai da Kawu ya buga ƙofa. Kwana huɗu rigar na shan iska a igiya, magen unguwa na zaune ƙasa tana kallo.

Ranar sallama mijin Doguwa ya ɗora rigar a sikeli.

"Kilo huɗu! Ƙanwata, riga ce ko katifa? Jaka ta cika. A bari wani ya taho da ita daga baya."

Auta ta san wannan "daga baya", ba ta zuwa. Doguwa ta naɗe rigar ta sa a hammata.

Kwana biyu Auta ba ta san inda kanta yake ba. Hannun rigar mutane ta ɗinka a baibai. Jirgi ya wuce, sai ta bi shi da ido ta taga.

Ɗazun nan wayar Auta ta yi ƙara, Doguwa ce.

"Auta! Ni ce! Ashe ba a auna abin da ke jikin mutum, sanye na shiga jirgi da ita! Na sha gumi, kowa na kallona!"

"Yaya, sanyin fa? Wuyan ya rufe?"

"Ruf! Ko iska ba ta shiga. Ga mai cewa katifa nan, haƙoransa sai kaɗawa suke, wai a tambaye ki ko buhun da saura."

Auta ta toshe baki, hawaye na zuba, tana dariya.

"Amma tsaya, Auta. Ke ma kina jin ƙarnin kifi a rigar nan, ko hancina ne?"