Lafayar da muka sayo a Maraɗi

Ana idar da sallar asuba motarmu ta bar tashar Yamai. Mu uku ne, duk 'yan Kano masu karatu a can: ni ɗan Kwaciri, da abokina na Fagge, sai ɗan Sabon Gari, Ibo ne amma Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ku da kuka dame ni da tambayar hotunan hutu, ku yi haƙuri, babu ko ɗaya. Ga dalili.

Shirinmu tun farkon zango shi ne mu tsaya Kure mu ga raƙuman dawa, mu zarce Damagaram, sai bayan mako mu shigo gida. Ana gobe tafiya, da la'asar, kawun abokina na Fagge ya kira ni. Inna, mahaifiyar abokin nawa, ta rasu da hantsi, har an kai ta makwancinta. "Kada ka gaya masa, ɗana," in ji Kawu. "Ba a faɗa wa matafiyi mutuwa a hanya. Kai dai ka kawo mana shi lafiya." Na ce to.

Ƙarya biyu na shirga kafin mu tashi. Na ce Babana na nemana da gaggawa, a fasa yawo. Na kuma ce wayata ta lalace, na ari ta abokina na kashe na jefa aljihu, don kada wani mai saurin hannu ya aiko masa da ta'aziyya. Ɗan Sabon Gari kuwa mitar raƙuman dawa ya kama tun daga tasha. Da muka zo wuce Kure ya manna fuska a gilashi ko zai yi sa'a, abin da ya samu jakuna biyu ne da akuya.

A Doso aka tsaya karin kumallo: shayi mai kauri da dogon burodin nan mai ɓawo, wanda in ba ka yi hankali ba sai ya yanke maka dasashi. Ni da aka sani da cin rabon mutum biyu, rabin kofi ya gagare ni. Abokina ya dube ni, ya ci gaba da shan shayinsa. Daga nan hanya ta miƙe, wani wurin sumul, wani wurin ramuka. A Ƙonni ya sayi cuku, wai Inna na son sa da shayi. A Galmi, inda albasa ke jibge bakin titi da araha kamar kyauta, ya sa aka ɗaura masa ƙaramin buhu, wai ta daina aiken kasuwa. Duk abin da ya saya ni nake riƙe masa.

Mun shiga Maraɗi da sauran rana, ya ja mu kasuwa. Mutanen gidansu asalinsu Barno ne, Inna ba ta fita unguwa sai da lafaya. Ya sa mai shago ya baje kala-kala, ya yi ciniki har mutumin ya fara rantsuwa, sannan ya juyo gare ni.

"Mutumina, wacce za ta fi yi wa Inna kyau?"

Na nuna koriya. Har yau ban san yadda aka yi hannuna ya ɗagu ba. Na fita bayan shagon, ɗan Sabon Gari ya biyo ni yana tambayar ko cikina ne. Na gaya masa gaskiya. Ya ce, "Mu ma ba ma faɗa a waya. Amma mu ana ajiye gawa sai ɗa ya iso. Shi ko fuskarta ba zai gani ba?" Na ce ba zai gani ba. Daga nan ban sake jin maganar raƙumin dawa a bakinsa ba.

Washegari da sassafe muka bi ta Ɗan Isa muka tsallaka Jibiya. Shingaye ba sa ƙirguwa, a sauko, a nuna takarda, a koma. Katsina muka canza mota, azahar ta yi mana a Ƙofar Ruwa. Ɗan Sabon Gari ya ce ba zai wuce gida ba sai ya raka mu, muka cusa kanmu da albasa cikin adaidaita sahu ɗaya. Muna barin titin Ibrahim Taiwo muka karya lungun su abokina, na hango tabarmi a ƙofar gida, da butoci, da dattawa a jere. Na juya zan fara yi masa bayani.

Abokina ne ya dafa gwiwata. "Bar shi, mutumina. Tun Doso na sani. Inna ba ta taɓa bari na hau mota ba ta kira ta yi mini addu'a ba. Da ta rasa ni a wayata, da ta neme ni a taka, ko ta wannan." Ya nuna ɗan Sabon Gari.

Na ce, "To tsarabar fa?"

Ya ce, "Ina saya ina jin kamar tana nan."

Ya sauka da ledar lafayar a hannu, Kawu ya taso ya rungume shi, sai a lokacin kuka ya ƙwace masa. Muka zauna a tabarma har la'asar, ɗan Sabon Gari na gefena yana amsa "amin" tare da kowa. Na raka shi bakin kasuwarsu, na hau mota zuwa Kwaciri.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Na ɗauka ni ke ɗauke da nauyin abokina kwana biyu, ashe shi ke lallaɓa ni don kada in sha wahalar faɗa. Da na shiga gida Ummata ta fito tana faɗan ban kira ta a hanya ba. Na durƙusa na bar ta ta yi faɗanta har ta gaji, ban so ta daina ba. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.