Birkin da ya so ya tsofar da ni

Shekarun baya, bayan na ajiye tuƙin babbar mota, ɗiyata malamar asibiti ta saya mini keke. Ba irin namu na da ba. Wannan mai ƙatuwar taya ne, na hawan duwatsu, ko da yake a unguwarmu Lazaret dutsen da muke da shi bai wuce na guga ba. Birkinsa wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, da wani ɗan baki da ke cafke shi idan ka matsa.

Kullum da safe nakan hau shi in ƙetare gadar kogi zuwa Harobanda, fadar hira da shayi ta abokina Bazabarme. Ni Bagobiri ne, akwai wasa tsakaninmu, saboda haka zuwa nake in duba lafiyar bawana, in sha shayinsa.

Sai wani lokaci gadar ta fara yi mini tsawo. Kafin in kai tsakiya ina haki. Ban gaya wa kowa ba, amma uwargida ba ta buƙatar a gaya mata. Da yamma sai ga ɗiyata da abin awon jini.

"Baba, jininka lafiya lau. Amma jiki ya yi magana. Ranar Juma'a zan aiko a ɗauki keken."

"Ke da kika ba ni?"

"Ni ɗin. Ka zauna gida ka huta."

Na san zaman gidan nan. Daga tabarma sai kujera, daga kujera sai a fara zuwa gaishe ka da murya ƙasa-ƙasa.

Washegari na fita, wai in yi ban kwana da hanya. A kan gada ƙarfi ya ƙare, na sauka ina turawa. A nan ne na ji shi: shii, shii, shii. Ina bisa ban taɓa ji ba, saboda ƙarar motoci, kuma kunnen nawa ma ba na jiya ba ne. Na ɗaga tayar gaba na juya ta. Ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya cak. Na ce to, ashe ba ni kaɗai ne na gaji ba.

Da na isa fada na nuna wa abokina.

"Kawo bakin mai mu zuba masa," in ji shi. "Duk abin da ke kuka mai yake so."

"Mai a birki? So kake in gangara gada in gaisa da dorina?"

"Ai da Gobir ta rage mutum ɗaya, mun huta."

Lakkol dai, makarantar boko, aji huɗu na yi kafin malam ya gaji da ni, amma birki na san shi. Na sa ya shimfiɗa farar rigarsa a ƙasa, yana ta ƙorafi, na leƙa ta cikin bakin birkin. Gefe ɗaya ina hango farin rigar, ɗaya gefen babu ko siririn haske. Faifan bai lanƙwashe ba, bakin ne ya goce yana gugarsa.

Nan ya sosa ƙeya. "Kwanaki ragona ya tunkuyi keken nan ya faɗi. Na tayar da shi kafin ka fito daga masallaci."

"Wato kai da ragonka kuka haɗa kai za ku zaunar da ni."

Muka aro kile, abin kwance ƙusa, wurin mai faci. Na sassauta ƙusoshi biyun da ke riƙe da bakin, ban cire su ba. Na ce ya matse birkin gaba da ƙarfi, kada ya saki, domin bakin ya daidaita kansa a kan faifan. Ina cikin ɗaurewa aka miƙo shayi, mutumin nan ya saki ya karɓa. Muka sake daga farko, wannan karon na riƙe kofin a wurina. Na ɗaure wannan kaɗan, wancan kaɗan, har suka kama. Na juya tayar. Ta yi ta gudu shiru, har muka gaji da kallo.

Ban koma gida ba, asibiti na wuce. Ɗiyata ta fito ta same ni ko haki ba na yi. Na ɗaga tayar na juya mata.

"Ga majinyacin, malama. An sallame shi."

Ta daɗe tana kallon tayar, ta kama hannuna ta ji bugun jini, sannan ta ce, "To Baba, amma ban da tsakar rana."

Tun daga nan, idan tsoho ya ce mini ƙarfinsa ya ƙare, nakan ce ya fara duba abin da ke riƙe shi kafin ya miƙa wuya. Wani lokacin rago ne kawai.

Bana gadar ta sake fara tsawo. Na ɗaga tayar na juya, tana gudu sumul, babu ko shii. Na san mai gugar wannan karon: shekaru ne. Ɗiyata dai ba ta ji ba tukuna, kuma wanda ya kai mata labari, shi da shayin bawana har abada.