Kakata ta duba mawaƙin Yaya Sani

"Kashe abin nan, yaron nan ba shi da lafiya!"

Kakata Hajiya ke nan, da ta zo daga Damagaram, da mawaƙin take. Exposé, wato bayani a gaban aji, aka ba ni a lakwal kan albam-albam ɗin wata tsohuwar ƙungiyar mawaƙan rock, ni da ko sunana aka kira a aji sai muryata ta ɗauke. Yaya Sani ya taso daga Paris har gidanmu a Vénissieux don ya kunna mana su bi da bi.

"Hajiya, fasaha ce fa," in ji Yaya.

"Kai dai angona, iskoki ne. Ji yadda yake shiɗewa."

A albam na uku ta ce ciwo ya tsananta. Da muka kai na ƙarshe, mai sanyi, ta ce, "Alhamdu lillahi, an yi mishi magani." Yaya kuwa ya ce nan ne suka lalace.

Jiya a gaban aji bayanin Yaya duk ya gudu daga kaina, sai na ba su na Hajiya. Madam malamarmu ta yi dariya, muryata ta kai har bencin baya.

Tun da ya ji labari, Yaya ya daina ɗaukar wayata. Don Allah, wa ya fi gane mawaƙin nan?