Ranar da na gyara wa Kawu littattafansa

Shekarar da na samu bak, wato jarrabawar gama sakandare, gwamnati ta ba ni bursi na kuɗin karatu ta tura ni Dakar in koyi aikin tsara littattafai da adana takardu. Da na dawo Tamaske hutun farko, na tarar duk unguwarmu ta gama yanke cewa aikin rediyo nake koyo, don wani ya ji an ce karatun nawa na bayanai ne. Kakata har ta sa an sayo sabon batir, tana jiran ranar da za ta ji muryata.

Na zauna na yi mata bayani dalla-dalla: idan littattafai sun yi yawa, ni ne zan jera su, in ba kowane lamba, yadda mai nema zai samu nan take.

Ta ce, "Angona, jeren kaya ne ya kai ka har bakin teku? Ai da ka zo na koya maka da ƙorai."

Kawuna, yayan innata, malami ne mai littattafan hannu da yawa a cikin gafakokin fata, wasu rataye a bango, wasu cikin akwatin ƙarfe. Shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce, "Tun da ka iya, ga nawa nan. Gobe zan tahi Buza ta'aziyya, kwana ukku zan yi. Ka gwada muna mu gani."

Na karɓi aikin da zafina. Na bi masu tebur na tattaro kwalayen sukari, na yanka su ƙanana daidai wa daida don yin katuna, na sayi bik na rubutu ja da baƙi. Larabcina na makarantar allo ne, amma ya isa in gane wannan fiƙihu ne, wancan nahawu. Abin da ya dame ni shi ne littattafan ba ɗinke suke ba, warƙoƙi ne sake, kuma a gafaka ɗaya sai in tarar da fiƙihu, da waƙa, da maganin ciwon doki, da wasiƙar wani. Na ce a raina wannan ai hargitsi ne. Na zazzage gafaka goma sha ɗaya a kan tabarma, na ware kowane fanni gefe guda, na ba shi lamba, na rubuta katinsa, na mayar cikin gafakokin fanni-fanni. Da na gama sai na ja da baya ina kallon aikina, har ina jin tausayin mutanen da suka rayu kafin zuwana.

Kawu ya dawo da la'asar. Bai ko gama shan ruwa ba sai ga wata maƙwabciya ta yi sallama. Ɗanta zai tafi neman kuɗi Abijan, ana son takardar shaida, kuma a biro, wato ofishin gwamnati, sun tambayi shekarar haihuwarsa.

Kawu ya ce, "Wanga mai sauƙi ne. Ni na raɗa mishi suna. Shekaran nan nahawu nike karantawa, na rubuta a gefen warƙa. Miƙo min gafakar nan mai jan baki."

Na miƙa masa akwatin katunana da hannu biyu, na ce, "Kawu, yanzu ba sai an nemi gafaka ba. Nahawu yana lamba ɗari huɗu."

Ya buɗe gafakar mai jan baki, ya ga maganin doki zalla. Ya buɗe ta kusa da ita. Sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi na yi maka?"

A nan na koyi abin da ban sani ba. Kowace gafaka daga hannun mutum ɗaya ta fito: wannan ta mahaifinsa, waccan ta malaminsa na Kaita, wata kuma ta wani baƙo da ya rasu a gidan. Da haka yake gane komai, kuma a gefen warƙoƙin ya rubuta haihuwa da rasuwa da shekarun fari. Nahawu kuwa kwafi huɗu ne, duk na gauraya su wuri guda. Ga shi warƙoƙin ba su da lambar shafi. Abin da kawai ke haɗa su shi ne kalma ɗaya a ƙasan kowace warƙa, wadda ita ce farkon ta gaba.

Kwana tara muka yi a zaure, ni da shi, muna bin kalma. Shi ya karanta ta ƙasa, ni in yi ta laluben warƙar da ta fara da ita. In na kawo wadda ba ita ba, sai ya ce, "Wagga hannun babana ce, ba ka ganin yadda yake jan wutsiyar harafi?" Kakata kuwa kullum sai ta leƙo da ƙwaryar fura ta ce, "Yau an kai lamba nawa?"

Rana ta bakwai muka ci karo da haihuwar yaron. Aka kira uwar, Kawu ya karanta mata. Ta ce sam, an ƙara wa ɗanta shekara biyu, ita ta haife shi ba takarda ba. Suka yi ta musu har ta tafi, washegari kuma ta dawo ta karɓi rubutun.

Da na koma Dakar na ba malamarmu ta fannin adana takardu labarin, ina tsammanin za ta tausaya mini. Ta yi dariya har ta cire tabarau tana share hawaye. Ta ce babbar ƙa'idar aikinmu ke nan: takardun da suka fito hannu ɗaya ba a raba su, ba a kuma taɓa jerin da mai su ya yi.

Na ce, "Madam, to me ya sa ba ku faɗa mana ba?"

Ta ce, "Darasin shekara ta biyu ne."