Cediyar Inna a Ƙurban

Ana sallame asuba muka kama hanyar Madina daga Yanbu, ni da maiɗakina. Ba ziyara kaɗai ta tashe mu ba. Gwaggon abokin aikina, wata tsohuwa da ake kira Inna a unguwar Ƙurban, ta aiko cewa sanyi ya kashe mata itace, kuma ta ji ni ne mai kula da shuke-shuken kamfani. Har dariya na yi: tafiyar awa uku saboda tukunyar fure!

A Badar muka karya da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi. Daga nan sai baƙaƙen duwatsu, ko ciyawa babu, iska kuwa tana yankan kunne. Da hasumiyoyin Harami suka bayyana, surutu ya ƙare, sai salati.

Bayan mun yi ziyara muka nemi gidan. Ina shiga falo sai na ga itacen. Ashe cediya ce, irin ta ƙofar gidajenmu, a cikin rabin duro, a Madina! A nan aka haifi Inna, ba ta taɓa ganin Katsina ba. Marigayi mijinta ne ya je sau ɗaya, ya saro reshe daga ƙofar gidan kakanta, ya naɗo shi a jiƙaƙƙen tsumma. Kwanakin baya Inna ta fitar da cediyar saman bene don ta sha rana, ta manta da ita a can har gari ya waye. Ganye ya yi baƙi, ya zube tas.

Na cusa yatsa a ƙasar, sai taɓo. Tun ranar take zuba mata zamzam bayan kowace salla.

Na kankare ɓawon reshe da farce, busasshe. Na sauka ƙasa, busasshe. Dab da gindi na sake kankarewa, sai ga kore, farin ƙaro ya tsatso kamar nono.

"Inna, tana da rai. Amma ruwan nan zai ruɓar da saiwa. A matsar da ita kusa da taga, nesa da hita. Kada a sare, kada a sa taki, ruwa kuwa sai ƙasa ta bushe."

"Ya waladi, ɗana, har zamzam ɗin?"

"Har shi."

Sai ta tambaye ni ko a gida ma iyakar tsayinta ke nan. Na ce dattawan unguwa guda na zama a inuwarta. Ta daɗe tana kallon sandunan nan, tana hawaye.

Da magariba muka iso Yanbu. Na koyi cewa wani lokacin janye hannu shi ne jinya, kuma ya fi wuya. Jiya, bayan mako uku, waya ta yi ƙara. Ko sallama Inna ba ta tsaya yi ba.

"Ɗana, ta tsiro! Ganye biyu. Yanzu in ba ta ta sha?"