Farcen da Baba Mai Almakashi Ya Ƙi Yankewa

Baba Mai Almakashi bai san wata sana'a ba sai yankan farce. Tun yana saurayi yake zagaya layin teloli da garejin makanikai, 'yar kujerarsa a hammata, yana kaɗa almakashi don a san ya iso. Bakinsa kuwa ba ya hutawa. In ya kama ƙafar bakanike sai ya ce, "Wannan ai kofato ne, a miƙo min zarto."

Shekarar annobar korona ce ta kwantar da shi. Matarsa ta yi jinyarsa, tana goge masa jiki, tana ba shi ruwa da cokali. Shi ya tashi, ita ta kwanta, ba ta kuma tashi ba.

Bayan wasu makonni sai ya ga wani layi ya ratsa faratansa, kamar an danna da bakin wuƙa. Ma'aikaciyar asibiti ta ce kada ya damu, zafin ciwon ne ya tsayar da girman farcen na ɗan lokaci, alamar za ta fita da kanta. Shi dai abu ɗaya ya riƙe a maganarta: layin nan ya samu ne a kwanakin da hannun matarsa ke riƙe da nasa.

Sauran faratan ya yanke su saboda aiki. Na babban yatsan hagu kuwa, da layin ya iso baki, sai ya kasa sa masa almakashi. Farce ya yi zaƙo-zaƙo har ya fara lanƙwashewa. Makanikai suka samu abin tsokana, wai mai yankan farce da farcen shaho. Wasu ma suka daina miƙa masa ƙafa. Ya taya su dariya, bai gaya wa kowa dalili ba.

Ana nan 'yarsa ta haihu, ta kawo masa jaririyar har ɗaki. Ya karɓe ta cike da murna, ya shafa kumatunta. Yarinya ta tsala kuka. Ga ɗan jini siriri a ƙasan idonta, inda farcen ya karce ta.

'Yar ba ta yi faɗa ba, don ta daɗe da gane komai. Ta karɓi jaririyar ta lallashe ta, sannan ta ce a hankali, "Baba, Inna da tana nan da ita za ta fara yi maka tsiya."

Ya laluba aljihu, ya miƙa mata almakashin.

"Ke yanke. Ni hannuna ba zai iya ba."

Ta yanke a karkace, irin yankan da a da shi zai yi wa dariya. Ya daɗe yana kallon abin da ya rage, sumul, babu alama ko ɗaya. Kewa ta cika masa ƙirji.

"Wannan farcen," in ji shi, "bai san uwarki ba."