Shekarar da na ƙi ɗaukar saƙo

A wurinmu, in ka ce ka samu konje, wato hutun aiki, ba mai tambayarka ina za ka. Gida za ka, kuma akwatinka ba naka ba ne. Shekara da shekaru haka nake yi. In bar Lyon, inda nake aikin kula da tsofaffi, in sauka Stains, gefen Paris, wajen Hajiya, ƙanwar mahaifiyata, wadda ta riƙe ni farkon zuwana Faransa. Kafin in sha ruwa an fara sallama. Wannan ta kawo turare, waccan maganin ciwon gwiwa, wani ya kawo tsohuwar waya. In na isa Zinder, hutun ya ƙare a bin unguwanni ina rabo, in dawo da kilishin mutane da gajiyata.

Bara na ce ya isa. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka, ƴar Corse ce, ba ta da hira sai ta tsibirinsu. Ga teku nan ƙasa da Lyon, ni ko ƙafa ban taɓa sa masa ba. Na yanki tikitin bato, jirgin ruwa ke nan, daga Marseille zuwa Corse. Hajiya na faɗa mata ranar da hutuna zai fara, na haɗiye sauran. Tsoro ne, ba zan ɓoye ba.

Saura kwana biyu ta kira.

"Kaya sun taru, har da keken ɗinki. Yaushe za ki iso?"

"Inna, bana ba gida za ni ba. Teku za ni."

"Wa gare ki a teku?"

"Ba kowa. Kallo kawai."

Ta ce, "Na riga na ce wa mutane za ki kai. So kike a ce ban isa da ke ba?"

Na san in na ƙi, na kunyata matar da ta shimfiɗa mini katifa ranar da ba ni da kowa. Amma ni ma ai ba motar kaya ba ce. Na ce, "Ki gafarce ni, Inna. Ba zan kai ba."

Wallahi tafiyar ba duka daɗi ba. Kafin mu isa tashar Bastia a Corse na amayar da duk abin da na ci. Daga can na hau bas zuwa Bonifacio, na shiga ƙaramin bato na tsallaka tsibirin Sardaigne. Burodi da sardin na rinƙa ci, salla kuma a lungu bayan kujeru, jirgi na juyawa alƙibla na guje mini. Na shiga ruwa da zanena har ƙugu, Turawa na kallo, na ce su kalla. Jaka ɗaya gare ni, kuma duk abin da ke ciki nawa ne.

Da na dawo na hau Paris gaishe ta, da kwalbar zuma a hannu. Hajiya mai gaisuwar da sai ta tambayi har maƙwabtanka, ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, Madame." Ta kawo mini ruwa a kofin baƙi. Abin ya yi mini ciwo, har yau yana yi.

Da zan tafi ta tambaya, ba tare da ta kalle ni ba, ko baɗi za ni gida. Na ce mata ban gama tsibiran ba.